Ina Kawunnan Yaron Nan?

A shekarar 1961 wani likita ɗan Ingila mai suna John Edwards da abokan aikinsa biyu suka wallafa labarin wani dangi da aka haifa wa jarirai 15 masu ruwa a kai. Dukkansu maza ne. Ba uba ɗaya ya haife su ba. Abin da ya haɗa su shi ne iyayensu mata, waɗanda jini ɗaya ne, kuma kowace lafiyarta ƙalau. Tun a 1949 wasu likitoci biyu a Amurka, Bickers da Adams, sun bayyana irin wannan dangi, har suka gano cewa wata 'yar siririyar mashigar ruwa da ke tsakiyar ƙwaƙwalwa ce ta tsuke. Sun ga hanyar da cutar take bi, daga kaka zuwa 'yarta zuwa jika namiji, amma ainihin abin da ke tafiya cikin zuri'ar ya gagare su. Sai da aka shafe shekara 43 daga rahoton farko kafin a kama shi.

Abin da aka kama wani furotin ne mai ɗan gajeren suna, L1, wanda aikinsa manna ƙwayoyin jijiya da junansu. Labarinsa na ɗakunan binciken Jamus da Ingila da Beljiyam ne, amma akwai ɓangarensa da ya shafi duk asibitin da ake kai jariri mai babban kai, ko a Gusau ko a Damagaram. Akwai tambaya guda da ya kamata a riƙa yi wa uwar irin wannan jariri, ba ta cin ko sisi, kuma yawanci ba a yin ta. Akwai kuma haɗarin da ke cikin amsarta, wanda ya isa ya raba mace da ɗakinta idan aka faɗe ta da ganganci.

Jikin mutum tarin ƙwayoyin halitta ne, tiriliyoyi, kuma ba kasafai ake tsayawa a tambayi abin da ya hana su watsewa ba. A 1907 wani masanin halittu Ba'amurke, Henry Wilson, ya ɗauki soson teku mai rai, wanda dabba ne ko da yake ya yi kama da tsiro, ya matse shi ta cikin ƙyallen siliki har ƙwayoyinsa suka rabu ɗai-ɗai. Ya bar su cikin ruwan teku. Sai ga su suna rarrafe suna neman juna, suna dunƙulewa, har suka sake zama ƙananan soso masu rai. Ashe ƙwayar halitta ta san 'yar'uwarta, kuma tana da abin riƙe ta. Gano wannan abin riƙo ya ɗauki kusan shekara 70. Gerald Edelman, wanda ya ci kyautar Nobel a 1972 kan tsarin sinadaran garkuwar jiki, ya koma binciken ƙwaƙwalwa a Jami'ar Rockefeller da ke New York, inda ayarinsa ya fito da furotin na farko mai manna ƙwayoyin jijiya. A Kyoto ta Japan, Masatoshi Takeichi ya gano wani babban gida na irin waɗannan furotin da ya raɗa wa suna kadherin. A Heidelberg ta Jamus kuwa, Melitta Schachner da Fritz Rathjen suka bayyana L1 dalla-dalla a 1984.

L1 yana kafe ne a fatar ƙwayar jijiya. Sarƙa ce ta ƙananan sinadarai 1,257 da ake kira amino asid. Mafi yawan tsawonta yana waje, gaɓa 11 a jere, shida daga ciki kamanninsu ɗaya da sinadaran garkuwar jikin da Edelman ya fara yin suna a kansu. Ɗan guntun da ya rage yana cikin ƙwayar, ɗaure da ginshiƙan da ke ba ta siffa da motsi. Idan L1 na wannan ƙwaya ya haɗu da L1 na waccan sai su sarƙe, kuma sarƙewar tana aika saƙo ciki cewa a ci gaba ta nan.

Amfanin wannan yana fitowa ne idan aka duba yadda ƙwaƙwalwa ke ginuwa a ciki. Tun wajen kwana 28 da shigar ciki, lokacin da mata da yawa ba su ma tabbatar da ɓatan wata ba, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da laka ya riga ya rufe. Daga nan ƙwayoyin jijiya ke ta haihuwa a can ƙurya, suna ƙaura zuwa mazauninsu, har a wayi gari babban mutum yana da kimanin biliyan 86. Kowace sai ta miƙa dogon zare zuwa inda za ta kai saƙo, kuma wani zaren tafiyarsa daga ƙoƙon kai ce har ƙasan gadon baya. Bakin zaren yana tafiya ne irin ta yaɗon kabewa a jikin danga: ya miƙa 'yan siraran hannuwa, ya lalubo abin kamawa, ya naɗe, ya ja jikinsa gaba. L1 yana cikin hannuwan nan. Zaren farko ya buɗe hanya, na baya su kama jikinsa su bi, har su zama dami.

Idan L1 ya samu tangarɗa, manyan damuna biyu ne suka fi shan wahala. Na farko shi ne gadar da ta haɗa ɓarin dama na ƙwaƙwalwa da na hagu, mai zare kusan miliyan 200. Sai ta fito siririya ko ta ƙi fitowa sam. Na biyu shi ne damin da ke sauko da umarnin motsi daga kai zuwa gaɓoɓi, wanda a ƙasan ƙwaƙwalwa yawancin zarensa ke tsallakawa ɗaya ɓarin, dalilin da ya sa shanyewar ɓarin jiki na dama ke nuna matsala a hagun kai. A 1997 da 1998 masu bincike suka samar da ɓerayen da aka cire musu L1 gaba ɗaya. Da aka duba, zare da yawa sun iso mararrabar nan sun kasa tsallakawa, ƙafafun bayan ɓerayen kuma suka raunana. A jikin yaro wannan kan fito a matsayin sandarewar ƙafafu. Akwai kuma wata alama da ungozoma mai lura za ta iya gani tun ranar haihuwa: babban yatsan hannu a lanƙwashe cikin tafi, ba irin dunƙule hannun da kowane jariri ke yi ya saki ba, wannan ba ya miƙewa. Kusan rabin yaran da ke da cutar suna da shi.

Sai maganar ruwa. Ƙwaƙwalwa tana da kogunan ciki guda huɗu da ke samar da wani ruwa garai-garai, wajen rabin lita a yini ga babban mutum, wanda ke zagayawa ya koma cikin jini. Tsakanin kogo na uku da na huɗu akwai mashigar nan da Bickers da Adams suka gani a tsuke. Idan ta toshe sai ruwa ya taru a sama, kuma da yake ƙasusuwan kan jariri ba su gama haɗewa ba, sai kai ya yi ta girma. Masana suna muhawara kan ko tsukewar ce farkon matsala ko kuwa kumburin kogunan ne ke matse mashigar daga baya, amma sun haɗu a kan abu ɗaya: a wannan cuta ruwan ɓangare ne kawai na lamarin, saƙar ƙwaƙwalwar ce ta samu matsala tun asali.

A 1992 ne André Rosenthal da Monique Jouet da Susan Kenwrick, a Cambridge, suka nuna cewa kuskure a ƙwayar gadon L1 ne ke bayan cutar a wani dangi. Bayan shekara biyu, su da wani ayari na Antwerp ta Beljiyam suka gano abin da ya fi ba da mamaki. Wata cuta da aka bayyana tun 1974 ana ɗaukarta daban, mai sa jinkirin magana da jan ƙafa da raunin fahimta, da wata ta uku mai sandarar da ƙafafu, duk tushensu ɗaya da ta ruwan kai. Yau an san kurakurai iri-iri fiye da 200 a wannan ƙwayar gado guda. Wanda ya datse furotin ɗin gaba ɗaya ya fi muni, kuma yara da yawa masu irinsa ba sa kaiwa shekara uku. Wanda ya sauya ɗan abu kaɗan kan bar mutum ya girma. A cikin dangi ɗaya ma ana iya samun jaririn da ya koma ranar haihuwa da kuma kawunsa ɗan shekara 30 da ake ce wa mai jan ƙafa, ba wanda ya taɓa kawo wa ransa cewa ciwonsu ɗaya.

Me ya sa maza? Ƙwayar gadon L1 tana kan sandar gado da ake kira X. Mace tana da X biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba. Namiji yana da guda ɗaya tak, daga uwarsa, domin abin da uba ke ba ɗansa Y ne. Idan X ɗin mace ɗaya ya samu kuskure, ɗayan yakan rufa masa asiri, ta rayu lafiya ba ta sani ba. Namiji ba shi da na biyu. Lissafin a kowane ciki na macen da ke ɗauke da shi kashi huɗu ne daidai wa daida: ɗa lafiyayye, ɗa mai cutar, 'ya da ba ta ɗauko ba, 'ya da ta ɗauko amma lafiyarta lau. Wato a kowane ciki, uku cikin huɗu jariri ne mai lafiya. Ɗan da ya fito lafiya kuma ya tsira ke nan shi da zuri'arsa.

Duk likitan yara zai yi saurin cewa wannan cuta ba ita ce ke cika gadajen asibiti ba, kuma gaskiyarsa. Ƙiyasin da aka yi shi ne namiji ɗaya cikin haihuwar maza 30,000. A duniya kuwa ana samun sababbin yara masu ruwa a kai kusan 400,000 duk shekara, mafi yawansu a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Benjamin Warf, likitan tiyatar ƙwaƙwalwa Ba'amurke da ya fara aiki a asibitin yara na CURE da ke Mbale ta Uganda a 2000, ya gano cewa kimanin kashi 60 cikin 100 na yaran da ake kawo masa sun samu ruwan ne bayan ƙwayar cuta ta shiga kansu a makonnin farko na rayuwa. A 2020 aka gano ɗaya daga cikin ƙwayoyin da ke wannan ɓarna a can. Wani kaso mai yawa kuma yana zuwa ne tare da tsagewar gadon baya, wadda ƙwayar folik asid ke rage aukuwarta idan mace ta fara sha tun kafin ɗaukar ciki. A yankin da sanƙarau ke zagayowa da bazara, inda kuma haihuwa a gida ta fi ta asibiti, tsabtar yankan cibiya da rigakafi da gaggawar kai jariri mai zazzaɓi asibiti su ne manyan makamai. Ba mai hankalin da zai ce a bar waɗannan a koma neman furotin.

Sai dai ƙarancin abu a lissafi ba ya rage nauyinsa a gidan da ya faɗa. Najeriya tana haihuwar jarirai fiye da miliyan 7 a shekara. Idan wancan ƙiyasin ya yi daidai da nan, ana maganar yara maza sama da 100 ke nan duk shekara, kuma bambancinsu da sauran shi ne nasu yana maimaituwa. Uwa ɗaya za ta iya binne biyu ko uku, ƙanwarta ma ta bi sahu.

Gano su kuma ba sai da na'ura mai tsada ba. A 2010 masu bincike a Groningen ta Holan suka duba bayanan marasa lafiya 367 da aka aiko a yi musu gwajin L1. Waɗanda ba su da wani ɗan'uwa mai irin ciwon, kashi 18 cikin 100 ne gwaji ya tabbatar. Waɗanda ke da shi a dangi, kashi 51. Idan kuwa aka haɗa tarihin dangi da alamomi uku ko fiye a jikin yaron, sai adadin ya kai kashi 85. Ido da baki sun yi mafi yawan aikin kafin a ɗebi jini. Abin da ake buƙata shi ne ma'aikaciyar jinya ta buɗe hannun jariri ta duba babban yatsa, sannan ta zauna ta ce: Malama, cikin 'yan'uwanki maza, ko 'yan'uwan innarki maza, ko 'ya'yan yayyenki da ƙannenki mata, akwai wanda aka haifa da babban kai, ko ya koma yana jariri, ko ya tashi ba ya tafiya daidai? Katin awo ya saba tambayar hawan jini da ciwon suga da tagwaye a dangi. Layi ɗaya za a ƙara.

Amsar tana da amfani iri uku, kuma na farko ran uwar ne. Jariri mai ruwa a kai tun a ciki sau da yawa ba ya iya fitowa ta hanyar da aka saba. Naƙuda ta yi tsawo, mahaifa ta iya fashewa, ko mace ta tsira da yoyon fitsari. Wadda aka san tana cikin haɗari za a yi mata hoton ciki daga wajen mako 20, a sake yi can gaba domin ruwan kan makara bai bayyana ba, a kuma shirya haihuwa inda za a iya yi mata aiki. Na biyu shi ne gaskiya game da tiyata. Robar da ake sakawa ta janye ruwa daga kai zuwa ciki, wadda wani makaniki ɗan Philadelphia mai suna John Holter ya ƙera bawul ɗinta a 1956 don ceton ɗansa, tana rage matsi, tana ceton rai. Amma ba ta iya saƙa zaren da bai saƙu ba. Magidancin da zai sayar da gona ko shanu don aikin ɗansa yana da haƙƙin a gaya masa abin da aikin zai iya da abin da ba zai iya ba, sannan ya yanke shawararsa. Ɓoye masa wannan zalunci ne, ko da da kyakkyawar niyya aka yi.

Na uku, tambayar kawu ba L1 kaɗai take kamawa ba. Ciwon rashin tsayawar jini yana bin wannan hanya, kuma wanzamin da zai yi kaciya ko cire beli ya fi kowa buƙatar jin ko wani kawun yaron ya taɓa zubar da jini har ya galabaita. Haka ciwon da ke cinye tsokar yara maza a hankali har su daina tafiya. Haka ƙarancin sinadarin G6PD, wanda ya yawaita ƙwarai a Afirka ta Yamma, yake kuma sa jariri shawara mai tsanani, musamman idan an ajiye kayansa da kafur. Wannan lura ba baƙuwa ba ce ga tarihin likitancin Musulmi. Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya ba da labari a littafinsa al-Tasrif na wasu mutane da mazansu ke mutuwa da zubar jini daga ƙaramin rauni, kuma a littafin nan ya bayyana yadda ake fitar da ruwa daga kan jariri.

To, ga inda gizo ke saƙa. Kalmomin "daga wajen uwa ne" idan suka fita daga ɗakin likita suka shiga gidan da akwai uwar miji mai ido da kishiya mai kunne, ba bayanin kimiyya ba ne kuma, takardar saki ce. Ba ita kaɗai ba, ƙannenta 'yan mata ma sai manema su janye, alhali kowace daga cikinsu rabi da rabi ne, mai yiwuwa ba ta ɗauko komai ba. A sikila akwai ɗan sauƙi ta wannan fuska, tunda sai uwa da uba sun haɗu ake samun ta, ba wanda zai nuna wa wani yatsa. Mutane sun karɓi gwajin jini kafin aure sannu a hankali, har Jihar Kano ta mayar da shi doka a 2024. Amma wannan gwaji ba ya ganin L1, kuma darasin da jama'a suka ɗauka daga gare shi, cewa idan sakamako ya ɓaci a fasa aure, bai dace a kwaso shi a ɗora wa wannan ba. A sikila sauya miji ko mata na sauya lissafi. A nan duk wanda ta aura lissafin ɗaya ne, don haka ƙyamarta ba ta kare kowa, sai dai ta sa dangi su koyi ɓoyewa.

Wannan tsoro ne ke sa wasu likitoci su zaɓi yin shiru, musamman da yake gwajin tabbatarwa yawanci sai an aika jini waje da kuɗi mai yawa. Ana fahimtar uzurinsu, amma ba ya tsayawa. Shirun likita ba ya barin gida shiru. Tun kafin a je asibiti an riga an ce matar mai wabi ce, ko ta yi wanka da magariba, ko yaron ɗan ruwa ne aka musanya. Laifin dama a kanta yake. Abin da bayanin gaskiya zai iya yi shi ne ya sauke shi, idan an ba da shi cikakke.

Cikakkensa kuwa yana da ɗaya ɓarin da ba a cika faɗa ba. A 1971 likitoci biyu a Amurka, Juberg da Hellman, suka bayyana wani dangi da farfaɗiya ke kama 'ya'ya mata kaɗai, ta hanyar iyayensu maza da ba su taɓa ko jijjiga ba. Masana sun daɗe suna juya lamarin, domin ya saɓa wa duk ƙa'idar da aka sani. A 2008 Leanne Dibbens da abokan aikinta a Ostareliya suka gano dalilin: wani furotin mai manna ƙwayoyin jijiya ne shi ma, ɗan gidan kadherin, sunansa PCDH19, kuma shi ma a kan X yake. Yarinya takan fara ciwon tun ba ta kai shekara uku ba, jijjiga a jere a jere, galibi idan zazzaɓi ya kama ta. Sirrin yana cikin abin da Mary Lyon ta gano a 1961, cewa kowace ƙwayar halitta a jikin mace tana kashe X ɗaya ta yi aiki da ɗaya. Don haka ƙwaƙwalwar yarinyar gauraye take, wasu ƙwayoyi da furotin ɗin, wasu babu, kuma ɓangarorin biyu ba sa gane juna. A 2018 aka ga haka ƙuru-ƙuru a ƙwaƙwalwar ɓeraye, ƙwayoyin sun ware gida-gida, masu shi gefe, marasa shi gefe. Uban kuwa, da yake dukkan ƙwayoyinsa babu, sai suka daidaita a tsakaninsu, ya zauna lafiya. Irin wannan uba duk 'yar da ya haifa sai ta gaji kuskuren, babu rabi da rabi.

Akwai ƙari. Kuskuren gado kan faru sabo fil, ba daga kowa ba. Binciken da aka yi a Iceland a 2012 ya nuna cewa mafi yawan sababbin kurakurai daga maniyyin uba suke fitowa, kuma suna ƙaruwa da kimanin biyu a duk shekarar da uba ya ƙara a duniya. Macen da ke ɗauke da matsalar L1 ma tana iya yiwuwa daga mahaifinta abin ya faro, a daren da aka samu cikinta. A 2020 ayarin Kristopher Kahle na Jami'ar Yale ya binciki yara 381 da aka haifa da ruwa a kai, ya samu cewa wajen kashi 22 cikin 100 irin waɗannan kurakuran gado ne sanadinsu, akasari sababbi. A Saudiyya kuma an gano a 2013 wani nau'in ruwan kai da sai uwa da uba duka sun ɗauko, wanda ya fi fitowa a auren zumunci. Wanda zai yi wa matarsa hukunci da ilimin gado, to ya sani ilimin nan bai bar shi a waje ba.

Saboda haka yadda ake faɗa ya kai abin da ake faɗa muhimmanci. A fara da matar ita kaɗai, a ɗaki, ba a gaban 'yan rakiya ba. Ita za ta zaɓi wanda za a kira ya ji, kuma idan an kira mijin a ba shi labarin duka, har da na uban da ke gadar wa 'ya'yansa mata. Ba da irin wannan shawara sana'a ce mai zaman kanta. Jami'o'in Cape Town da Witwatersrand a Afirka ta Kudu sun daɗe suna koyar da ita, Jami'ar Ghana da ke Legon ma ta fara. Kafin a samu ƙwararrun, ma'aikatan asibitocin sikila, waɗanda suka shekara da shekaru suna zama da ma'aurata kan AS da SS, su ne mafi kusa da iya wannan aiki idan aka ƙara musu horo. Malaman da ke wa'azin gwaji kafin aure su ma suna da rawar takawa, domin magidancin da bai saurari nas ba yakan saurari liman.

Duk wannan yana bayan matakin farko, wanda shi ne gane cewa kan yaro yana wuce ƙa'ida. Jaririn da ya cika wata tara yakan zo da kewayen kai na santimita 34 zuwa 35, ya riƙa ƙara kimanin biyu a wata a watanni ukun farko, ya kai wajen 46 idan ya shekara. Tef ɗin tela ya isa a auna, daga saman gira a zagayo ta ƙeya, a rubuta a katin rigakafi duk zuwa. Idan adadin yana tsalle, ko maɗiga ta kumbura ta yi tauri, ko idanu suka karkata ƙasa har farin sama ya bayyana, ko amai ya ƙi tsayawa, asibitocin koyarwa na Sakkwato da Zariya da Kano suna da sassan tiyatar ƙwaƙwalwa. Warf ya nuna a 2005 cewa robar Indiya ta dala 35 tana aiki daidai da ta Amurka mai dala 650, sannan ya inganta wata tiyata ta madubi da ke huda wa ruwan sabuwar hanya ba tare da an bar roba a jiki ba, wadda likitocin Afirka da dama suka je Mbale suka koyo.